Kwalbar Malam Kumfa

"Anti, taimaka ki fitar da su duka," in ji Auta. "Har kwalbar nan ta bakin taga."

Mai ɗinki ta tsaya da gwangwanin shuka a kowane hannu, ta dubi gadon. Tsohon yana kwance cikin zafin zazzaɓi, siririyar roba a hancinsa ta tafi har jikin injin iskar da aka kawo daga asibiti. A jikin injin akwai 'yar kwalbar ruwa da ke ta ɓulɓul ba hutu.

"Auta, kin tabbata? Babanki zai yafe miki komai ban da wannan."

"Kowa ya san shuka tana shanye iskar ɗaki da dare. Mutum na kokawa da numfashi, a bar shi da masu raba masa?"

Mai ɗinki ita ma ta sha jin haka. Ta kwashe su ta kai ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, ta ja ƙofa don kada yaran gidan su fasa da ƙwallonsu.

Shekara da shekaru ƙofarta na kallon ta tsohon a hawa na biyu. Malamin kimiyya ne a sakandare har ya yi ritaya. Kowace shekara yakan shiga aji da kwalba cike da ruwa da ciyawar tafki a ciki, ya ajiye a rana, ya sa ɗalibai su zura ido har ƙananan kumfa su fara tashi daga ganyen. Daga nan sunan ya bi shi. Masu furfura ma in sun gamu da shi a hanya, Malam Kumfa suke cewa, shi kuwa ya amsa da murna.

Tun da matarsa ta rasu, mai ɗinki ke miƙa masa abinci, shi kuma ya biya ta da darasin da ba ta roƙa ba.

"'Yata, kin san abin da ke cikin kwanon nan? Rana ce. Ganye ya kama haskenta, ya haɗa da ruwa da iskar da muke fitarwa, ya yi sukari ya adana. Ke kuma ki ci, ki shaƙi iska, jikinki ya ƙona shi sannu a hankali, ki samu ƙarfin taka kekenki."

"To Baba, tunda rana ce, gobe ka sauka tsakar gida ka hangame baki, ni in huta da girki."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Lokacin yana da numfashin yin dariya.

Zazzaɓin ya daɗe bai sake shi ba. Ga jinya, ga kayan makarantar yara da suka taru mata a kan keke, sai mai ɗinki ta manta da ƙarƙashin bene sam. Ranar da ya dawo hayyacinsa, bai tambayi ruwa ba, bai tambayi kowa ba. Taga ya duba.

"Ina kwalbata?"

Auta ta yi masa bayani tana murza yatsu. Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi.

"Na koyar da 'ya'yan mutane, na bar tawa," ya ce yana tsinka maganar. "Gaskiya ne, suna numfashi kamar mu. Amma ke da kike zaune nan kin fi su duka shan iskata. In kore ki?" Ya huta. "Ina kuka kai su?"

"Ƙarƙashin bene, Baba," in ji mai ɗinki, murya ƙasa-ƙasa.

Ya lumshe ido. "Cikin duhu. To ajiyarsu suke ta ci ke nan, ba mai shigowa. Irina."

Ta dubi kwanon da ta kawo tun safe, ko cokali bai taɓa ba. Ta sauka benen ba ta ko tsaya neman takalmi ba.

Abin da ta tarar ya karya mata zuciya. Shukokin sun yi fari fat, sun miƙe sirara, duk sun karkata wajen 'yar tsagar ƙofa inda haske ke leƙowa. Wasu sun riga sun kwanta. Ruwan kwalbar ya yi dagwalo, ciyawar ta ruɓe tana wari, sai wani ɗan tsinke a sama da bai kai yatsa ba, shi ne da sauran kore. Ta zauna a kan matakala ta yi kukanta, sannan ta wanke kwalbar, ta zuba sabon ruwa, ta mayar da tsinken, ta kai bakin taga.

"Bai mutu ba," in ji tsohon da ta kawo masa kusa da ido. "Ki ba shi rana. Ina so in ga ya yi kumfa kafin in tafi."

"Haba Baba, ina za ka?"

Ya mayar da idonsa kan kwalbar.

Sai hadari ya ƙi bajewa. Kwana da kwanaki gari a lumshe, ga dogon ginin da ke gabansu wanda ko a ranar kirki ba ya barin haske ya iso tagar sai hantsi ya ɗaga. Mai ɗinki ta dawo da ɗinkin hannu ɗakinsa, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan kwalba. Shi kuwa ya kai ga ba ya iya ɗaga kai.

"Ya yi?" Ita ce tambayarsa kullum.

Wata rana tausayi ya ci ƙarfinta. "Ya yi, Baba. Guda ɗaya, yanzun nan."

Ya dubi silin da babu ko ɗigon haske, ya ɗan murmusa. "Da wace ranar? Ki tsaya a ɗinkinki, 'yata, ba ki iya ƙarya ba."

Washegari gari ya waye tas, ba ko ƙyallin gajimare. Ta shigo da sauri ta gaya masa yau kam za a yi rana. Ya ɗaga yatsa alamar ya ji. Hasken ya fara leƙowa ta saman ginin da ke gabansu, tana binsa da ido tana jin kamar ta jawo shi da hannu.

Muryar Auta ta ji a bayanta. "Baba? Baba!"

Ta juya. Ƙirjin da ya daɗe yana hawa da sauka da ƙyar ya tsaya. Ta rungume Auta suka yi ta kuka, har yarinyar ta miƙa hannu ta kashe injin. 'Yar kwalbar jikinsa ta daina ɓulɓul, ɗakin ya yi tsit.

Mai ɗinki ta tashi za ta kira maƙwabta. A bakin ƙofa ta waiwaya. Rana ta iso tagar, ta cika kwalbar da haske. A kan ɗan tsinken nan wata kumfa ƙanƙanuwa kamar kan allura ta taru, ta yi jim, ta saki ganyen ta tafi sama.

"Baba," ta ce a hankali, "ya yi."

Wata ta biyo bayanta.