Hannun Malam Ɗalha

Duk wanda bayansa ya taɓa gocewa tsakanin Jega da Maiyama ya san zauren Malam Ɗalha maɗori a Kashin Zama. Masu dakon albasa na Aliero kuwa, ai gidan kamar nasu ne. Kayan aikinsa ɗaya tak, guntun iccen kirya mai dunƙulallen kai da ya gada wurin mahaifinsa. Zai kwantar da mutum rub da ciki, ya ɗora iccen a gaɓar da ta goce, ya rufe ido, ya danna. A gidansu ido rufe ake aiki tun kaka da kakanni, wai ido yana ruɗa hannu.

Sai ga Almu, wani mai dako daga Mungadi, ya shigo da ƙafafunsa yana dafe da ƙugu, aka fitar da shi a kan tabarma. Tun ranar bai sake takawa ba. Mutane kuma, ka san su, baki ba linzami. Wasu suka ce hannun tsoho ya lalace, wasu suka ce dama bayan a karye ya zo. Malam ya daina cin abincin kirki. Ba raguwar masu zuwa ke cinsa ba, sunansa ne.

'Yarsa Hamsatu injiniya ce, aikinta ke nan auna ƙarfin na'urorin gyaran ƙashin baya, irin na asibiti. Tana da wani faifan roba mai wayoyi, in an danna shi sai layi ya tashi a kwamfuta ya nuna nauyin dannawar da saurinta. Da can Malam dariya yake wa faifan, yana ce masa marfin tukunya. Yau shi da kansa ya aika aka kira ta.

"Ɗiyata, ɗauko marhin tukunyan nan naki," in ji shi. "Auna hannuna ki hwaɗa ma mutanen ga gaskiya. Na san aikina."

Hamsatu ba ta so ba, wallahi ba ta so ba. Tun sallar bara ta lura da yadda kofin shayi ke bugun haƙoransa. Amma ta shimfiɗa faifan a kan benci da hantsi, ta haɗa wayoyin.

Malam ya yi bisimilla, ya ɗora iccen a kan faifan, ya rufe ido, ya danna. Layi ya hau a hankali ya sauko a hankali, kamar bayan ƙwarya. Ya sake, haka. Ya kuma, haka. Har ta fara sakin ajiyar zuciya. Sai kawai layin ya yi tsalle ya bugi saman allo kamar harbin jaki, ya wuce duk abin da ake yarda na'urar ƙarfe ta sauke wa bayan mutum. Ta ɗago ta dubi uban. Idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi da addu'a, fuska lumui. Bai ma san an yi ba.

"Yaya, daidai ko?" ya tambaya yana murmushi.

Kalma ɗaya ce, in ta ce daidai, tsoho zai ci tuwonsa yau. Ba wanda ya iya karanta layin nan a garin sai ita. To amma Tukur direba na tafe daga Jega bayan la'asar, shi ma da ciwon baya.

"Baba, sake yi," ta ce. "Amma ka buɗe ido, ka dubi hannunka."

"Ke! Gidanga? Ubana bai taɓa ba, kakana bai taɓa ba!"

"Don Allah, Baba."

Ya harare ta, ya yi tsaki, ya ɗora iccen ido buɗe. Dannawar farko lafiya. A ta gaba wuyan hannun ya fizge da kansa, iccen ya nutse cikin roba, layin ya sake bugun sama. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Wanga ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ban ji ba, Hamsatu. Wallahi ban ji komi ba."

Nan ta fashe da kuka, haushin faifan ya kama ta kamar ta jefa shi rijiya. Shi ko bai yi kuka ba. Ya naɗe iccen a tsumma ya cusa can ƙarƙashin buzunsa, ya ce ta kira Tukur ta ce ya wuce asibiti. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Kai ni Mungadi."

Sun tarar da Almu kwance a gindin dogon yaro, ƙafafun an rufe da zane, sun rame. Malam ya durƙusa, ya buɗe baki zai nemi gafara. Almu bai bari ya fara ba, fuskarsa ta washe.

"Malam! Alhamdu lillahi! Na hwaɗa musu za ka zo ka ƙarasa aikinka. Na ce musu hannunka bai kuskure."

Ya kafa gwiwar hannu a ƙasa, ya ja jikinsa da ƙyar, yana nishi, har ya kwanta rub da ciki. Ya yaye rigarsa.

"Bisimilla, Malam. Na shirya."

Malam Ɗalha ya janye hannunsa na dama, ya ɓoye shi cikin hannun riga.