Famfon Alwala da Ƙofa Mai Kuros

Kamfaninmu gidaje yake ginawa a wani fili kan hanyar Gwagwalada, amma ofishinmu a Gudu yake, saman wani shagon tayal, daura da kasuwa. Shekarun nan ne da arziki ya buɗe a Abuja, wanda duk ka taɓa sai ya ce maka gini yake yi. Ni aikina odar kaya: siminti, kwano, ƙofofi. Teburina na tsakanin na Kauthar da na Salisu, don haka abin da zan faɗa a kunnena ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

A wurinmu mai saye ba ya zuwa ya tarar da gida a gine. Zama yake yi gaban kwamfuta, Salisu mai kula da ciniki ya riƙa danna masa: ɗaki nawa, wane rufi, kicin ciki ko waje, wace irin ƙofa. Kauthar ce ke rubuta wa manhajar dokokin abin da zai haɗu da abin da ba zai haɗu ba. In ka zaɓi bene, dole harsashi mai zurfi. In ka zaɓi ƙaramin fili, babu kai babu rijiyar burtsatse, don za ta matsi ramin masai. Ka haɗa abin da ta hana, allo ya yi ja, odar ba ta wucewa ko da kai ka haifi mai kamfanin. Yarinyar ta san aikinta, wannan kam ba musu.

Doka ɗaya ce ba daga injiniya ta fito ba. Muna da ƙofar ƙarfe wadda maƙeranmu ke yi wa kuros, wato gicciye, a sama, Kiristoci na sonta. Muna kuma da famfon alwala da ɗan dakalin sallah a bakin gida. Wata rana hannun Salisu ya zame, aka je aka kafa ƙofa mai kuros a gidan wani Alhaji daga ma'aikatar tarayya, dab da famfon alwalarsa. Ranar ofis ya ɗau zafi, har masu tayal na ƙasa sai da suka hau kallo. Oga Maitama, mai kamfanin, ya ce kada ya sake ji, kada ya sake gani. Kauthar ta bi duk odar da muka taɓa yi, ba ta ga mutum ɗaya da ya nemi abubuwan biyu tare ba, sai ta rufe haɗin. Oga ya sa hannu, ya ƙara da cewa daga ranar ba mai taɓa wata doka sai da sa hannunsa.

Ana nan sai ga Baba Yamusa, manomin doya daga Paikon Kore, da 'ya'yansa biyu manya. Salisu na kan waya kamar kullum, don haka ni tsohon ya zauna wa, kuma kafin ya shanye ruwan da na ba shi na san komai. Babban, Nathan, malamin makaranta ne, Kirista. Ƙaramin, Musbahu, ya musulunta tun yana sakandare, yana aiki a wata hukuma. Shi Baba yana nan kan abin da ya tarar iyayensa na yi. A gidansu wannan bai taɓa zama magana ba, sai da uwar yaran ta rasu aka yi sa-in-sa kan yadda za a binne ta. Tun daga nan ba su sake cin abinci kwano ɗaya ba.

"Da ƙyar na kamo su," in ji shi. "Gida ɗaya nake so. Ni a tsakiya, wannan da iyalinsa nan, wancan nan. In na mutu su ga juna da safe ko ba su so."

Sun amince, kowa zai kawo nasa ƙarfin, amma da sharaɗi. Nathan na son ƙofa mai kuros. Musbahu na son famfon alwala da dakali. Kowa ya yarda da na ɗan'uwansa tun a gida, a gaban tsohon.

Salisu ya gama wayarsa ya fara dannawa. Babban fili, ɗakuna shida, kicin biyu, falo ɗaya. Har na ga Musbahu ya nuna wa yayansa wani launin rufi, shi kuma ya gyaɗa kai. Aka danna famfo, lafiya lau. Aka danna ƙofa, allo ya yi ja.

"Wannan ba ya tafiya da wannan," in ji Salisu. "Sai dai a cire ɗaya. Daga baya ku kira maƙeri ko mai famfo ya sa muku, ba wani abu ba ne."

Da gaskiyarsa, ba wani abu ba ne. Amma fa a cire na wa? Nathan ya dubi Musbahu, Musbahu ya dubi silin.

Kauthar ta taso daga teburinta ta rusuna ta gaida tsohon. "Baba, ku yi haƙuri, ba matsalar gini ba ce. Ni na sa dokar, kuma zan cire ta. Sai dai oganmu ya tafi Umara, sai ya dawo ya sa hannu. Ku ɗan ba mu lokaci."

"To a cire duka biyu mana," in ji Baba. "Ƙofa dai ƙofa ce."

Musbahu ya ce, "Baba, famfo ai ruwa ne, duk gida za a amfana. Ba ɗaya suke da ado ba."

"Ado?" in ji Nathan, a hankali.

Daga nan suka koma yarensu, ban ƙara fahimtar komai ba sai sunan uwarsu, Asibi, da ya riƙa fitowa. Ba wanda ya ɗaga murya. Tsohon ya sa hularsa a gwiwa yana murza ta, ni kuwa tausayinsa ya kama ni. Suka fita, kowa ya tari motarsa daban.

Kauthar ta kira oga, waya a kashe. Ta tura saƙo, shiru. Na ce mata, "Ke, layi ɗaya ne fa. Goge shi mana, wa zai sani?" Ta ce manhajar na rubuta sunan duk wanda ya taɓa doka da lokacin da ya taɓa, kuma in ta fara gogewa don tausayi, gobe Salisu zai zo da nasa tausayin a kan harsashin bene. Haushi ya kama ni.

Ana cikin jiran oga sai ga Nathan shi kaɗai. Wai ya zo tambaya ne kawai, ko akwai ƙaramin gida. Wurin Salisu kuwa, ka tambayi kura ko tana cin nama? Nan da nan ya nuna masa mai ɗaki biyu a layin ƙarshe, kusa da filin da aka ware wa coci, da ƙofarsa mai kuros. Allo bai yi gardama ba, Nathan ya sa hannu. Kauthar ta ce, "Salisu, ka san fa abin da tsohon nan yake so." Ya ce shi ba limami ba ne, ba fasto ba ne, gida yake sayarwa. Washegari labari ya kai wa Musbahu, ya zo fuska a murtuke ya ɗauki nasa a layin farko, gefen masallaci. Ni aka miƙo wa odar ƙofofin, na tura wa maƙera.

Oga ya dawo da dabino da zamzam, kowa ya samu. Kauthar ta kai masa takardar cire dokar, ya sa hannu yana amsa waya, ko karantawa bai yi ba. Ta dawo ta zauna ta goge layin. Kafin shayina ya huce an gama.

Baba Yamusa ya zo ranar wata Juma'a da hantsi, shi kaɗai, da doya uku a buhu wai a ba yarinyar da ta yi masa magana mai daɗi. Kauthar ba ta bar Salisu ya taɓa kwamfutar ba. Ta ja wa tsohon kujera, ta danna babban fili, ɗakuna shida, famfon alwala, ƙofa mai kuros, komai ya wuce.

"Baba, ga shi. Yanzu yana yiwuwa."

Ya daɗe yana kallon hoton gidan. Ya sa yatsa a kan allon, wajen falon.

"Ya yi kyau, 'yata," ya ce. "Wa zan sa a ciki?"

Ya ce Nathan ya ce ya zo ya zauna wurinsa, Musbahu ma haka, kuma duk wanda ya bi, ya rasa ɗayan ke nan. Ya tambaya ko akwai fili a layin tsakiya. Ta ce akwai.

"Sa min ɗaki ɗaya a nan."

"Wace irin ƙofa, Baba?"

"Wadda ba komai a kanta."

"Kicin fa? Ciki ko waje?"

"Bar shi. Wa zai dafa?"

Na ga hannunta ya tsaya a kan madannin. Ina jin so take allon ya yi ja, ko don ta samu abin da za ta ce masa. Ta danna. Ɗaki ɗaya, babu kicin, mutum ɗaya. Babu dokar da ta hana wannan, odar ta wuce.