Bakanike da Kunkurun Auta

Bakanike ne ya kashe kunkurun 'yarsa, kuma da abinci ya kashe shi.

Auta ce mai kunkurun. Aikin jinya take koyo. Kunkurun na ruwa ne, bai fi tafin hannu ba, shekara uku tana kiwonsa a akwatin gilashi a gindin tagar falo. Jinkiri take ce masa. Da aka tura ta wani asibiti na mako uku, sai ta damƙa wa ubanta gwangwanin abincinsa, irin na kanti, 'yan ƙwayoyi kamar kashin ɓera, masu ƙarnin kifi.

"Baba, guda takwas da safe. Takwas kawai. Wanda bai ci ba ka kwashe da rariya. Bayan kwana biyu ka jefa masa ganyen latas. Kana ji na, Baba?"

"Injin tirela nake saukewa in mayar, ke za ki koya mini ciyar da ƙwaro?"

"Mama ba ta iya taɓa shi, shi ya sa. Don Allah, Baba."

"Je ki, na ji."

Bai ji ba. Washegari ya ƙirga takwas a tafinsa, ya dube su, ya ja tsaki. Shi a duniya ba wanda ya tsana kamar mai motar da ke yawo da mai a gindin tanki. Kunkuru ya lashe takwas ɗin, ya dawo yana yaƙushin gilashi, ya miƙo wuya.

"Ka ji zalunci," in ji bakanike. "Yarinya ta tashi kashe ka da yunwa da sunan ilimi."

Ya damtso cikin hannu ya watsa. Safe ya watsa, rana in ya dawo cin abinci ya watsa, yamma ma haka. Latas kuwa ya ce shi ba akuya yake kiwo ba. Kwana biyar gwangwani ya ƙare.

Ya je kanti, aka faɗa masa kuɗin sabo, ya yi dariya ya fito. A bayan gareji akwai mai sayar da abincin tarwaɗa a buhu, ƙwayoyi ne su ma, sai dai sun fi girma da maiƙo. Shekara ashirin bakanike yana sa wa motar wannan kamfani kayan wancan, tana tashi. Ya sayi kwano guda, ya ɗura a gwangwanin Auta, ya rufe.

Ruwan akwatin ya yi kore, daga nan ya koma ruwan kwata. Maiƙo ya kwanta a sama. Ƙwayoyin da ba a ci ba suka kumbura suka nutse, suka fitar da wani farin gashi. Ƙudaje suka gano gidan.

"Maigida," in ji matarsa, ta toshe hanci da bakin zane, "falon nan ya fi bayan gidan tasha ɗoyi. Maƙwabciya ta shigo ta fita ko zama ba ta yi ba."

"Ƙarnin kifi ne, zai wuce."

Ya kawo turaren mota, irin mai igiya, ya rataya a taga. Sai wari ya zama biyu.

Kunkuru ya daina ci. Ya hau kan dutsensa ya zauna, idanu sun kumbura sun rufe, baki a buɗe, kumfa na fita ta hanci. Bakanike ya ce ƙoshi ne.

Ana gobe za ta dawo Auta ta bugo waya.

"Baba, ya Jinkiri?"

"Ya yi ƙiba."

Yana ajiye waya ya tafi gareji ya ɗauko tiyon da yake zuƙo fetur da shi, ya dawo zai zuƙe ruwan akwatin ya canja.

"Ka fitar da dabbar tukuna mana," in ji matar.

"Ke dai riƙe bokiti."

Ya cusa tiyo har ƙasa, ya durƙusa, ya zuƙa. Fetur ya sani, ya san daidai lokacin da zai zare baki. Wannan ba fetur ba ne. Ruɓaɓɓun ƙwayoyi suka toshe tiyo. Ya zuƙa, shiru. Ya cika ƙirji ya ja da ƙarfin tsiya, sai abin ya ɓalle gaba ɗaya, mai kauri, mai ɗumi, da guda-guda a ciki. Kafin ya ankara ya haɗiye biyu. Ya kifa a kan darduma yana kelaya amai, har ta hanci. Matar ta saki bokiti ta yi waje tana yunƙurin nata. Sauran fetur ɗin tiyo kuma ya koma cikin akwati, ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli.

Auta ta iso da hantsi, ta tarar da ubanta ya zaga bayi sau tara, yana jingine da bango kamar tsumman goge inji. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta sa hannu cikin ruwan nan ta ɗago Jinkiri. Wuya da ƙafafu suka yi lilo.

Ta buɗe gwangwani, ta zuba a tafi, ta murza, ta dubi maiƙon da ke yatsunta.

"Baba, wannan ba nasa ba ne."

"Ƙwaya ai ƙwaya ce."

"Guda nawa na ce maka?"

Ya dubi matarsa. Matar ta dubi taga.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta naɗe kunkurun a tawul, ta wanke hannu sau uku, ta kai ubanta asibiti. Ita da kanta ta nemo jijiya ta sa masa ƙarin ruwa. Kwana huɗu ya yi a gado, ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma ce masa komai ba sai "Sannu, Baba" da "Buɗe baki."

Ya warke. Amma har yau in ya kai tiyo kusa da baki sai ya kasa, ya roƙi wani ya zuƙa masa, 'yan gareji na dariya. Auta kuwa duk ranar da za ta yi tafiya takan durƙusa ta gaishe shi a ƙofar gida, ta tashi, ta tsallaka titi, ta ba maƙwabciya ajiyar makullin ɗakinta, ba shi ba.