Inda Tela Ya Koyi Riƙe Kulki

Braimah na tsaka da ɗinka aljihun kakin 'yan sanda sai ga Hajiya Wadia ta sauko daga motar haya ta trotro, ta nufo shagonsa da ke unguwar Nima. Gwaggon Fu'ad ce, yaron da ke neman 'yarsa Najat, kuma kowa ya san abin da ke taso tsohuwa tun daga Alajo kafin a kai goro: binciken gidan amarya.

Shi dai ɗinkin kaki masu wani shirin talabijin suka fara ba shi. Da darakta ya ga tsayinsa, sai ya liƙa masa matsayin Sajan Dogo, mugun da ya hana sabuwar kwamishina gyara 'yan sandan birni. Tun daga nan ya shiga uku. Mai kokon unguwa ta daina yi masa gyara, a masallaci kuwa har da masu matsawa gefe.

Bayan doguwar gaisuwa Hajiya ta zauna a benci.

"Malam Braimah, na tambayi maƙwabta, duk sun yabe ka. Wasa kuma na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Abu ɗaya ya tsaya mini."

"Ina ji, Hajiya."

"Inda ka kifar da tiren mai lemu. Sai da ka ƙwanƙwasa shi da kulki sau biyu, a hankali, kana murmushi. Shekara talatin na yi ina sayar da waakye, shinkafa da wake, a bakin titi, na san wannan ƙwanƙwasar. Darakta ba ya koya wa mutum ita. Ina tela ya samo?"

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki. Amsa mai sauƙi na bakinsa: in ya ce gani ya yi, magana ta ƙare, a sa rana. Duk Nima ba wanda ya san ya taɓa sa kaki na gaske a wani gari, har Najat. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban kyamara ba.

"Shekara goma sha ɗaya na yi a aikin," ya ce. "Na kifar da tire, Hajiya, ba ɗaya ba. Ranar da wata ta durƙusa tana tsince tumatir a kwata da goyo a bayanta, ranar na ajiye."

Ta daɗe tana kallon kakin da ke gabansa, sannan ta gyara mayafi ta miƙe.

"Da ka ce mini gani ka yi, wallahi da ba za ka sake ganina ba. Juma'a maza za su kawo goro. Amma kada yarinyar nan ta ji a bakin wani."

Ta tafi. A tsakar gida Najat na wanke-wanke, tana rera waƙar buɗe shirin. Braimah ya zare zaren daga allura, ya rufe keken.

"Najat," ya ce, "bar kwanukan nan, zo ki zauna."