Mabuɗin Wendell

Dokar filin gwajin nan ko sabon zuwa ya san ta: duk wanda zai hau wurin injin sai ya zare mabuɗinsa daga allon ɗakin fakewa ya tafi da shi. Muddin gurbi ɗaya babu mabuɗi, wuta ba ta tashi. Wanda ya kafa dokar mai hankali ne, sai dai bai taɓa aiki da tsoho Wendell ba.

Injin nasu ba irin mai bakin mazurari ba ne da aka saba gani a gindin roka. Tsini ne na jan ƙarfe a tsakiya, wuta na fitowa ta wata siririyar tsaga da ta kewaye shi, iskar waje kuma ita ke matse wutar a jikinsa, ko a ƙasa ko can sama. A takarda abin gwanin sha'awa. A hamadar Mojave kuwa tsini biyar suka narkar cikin shekara uku, kuma Wendell, mai haɗa su da hannunsa, ya rantse rana ce ke cutarsu: tana gasa gefe ɗaya sai tsagar ta tsuke. Saboda haka zai auna, ya sake aunawa, har ran kowa ya ɓaci.

Ranar gwaji na shida, da hantsi, Lorena mai kula da na'urorin auna zafi ta gama nata za ta sauka, sai Wendell ya miƙo mata mabuɗinsa.

"Saka min, 'yar nan. Ga ni nan bayanki."

"Tsoho, wata rana kai za ka sa a kore ni."

"Wa zai kore ki? Oga Thorsen? Bari ya ga allo a cike ya daina kumbura mana. Minti biyu kacal."

Ta karɓa. Ba yau aka fara ba, kuma ba ita kaɗai ke yi masa ba.

Ta isa ɗakin fakewa, ta soka mabuɗi biyu a allo, ta zauna. Nan take wata na'urarta ta fara nuna shirme, ta duƙufa a kanta. Thorsen, shugaban gwajin, ya dubi allo ya ce yau kam an yi abin kai, ya sa aka rufe ƙofar ƙarfe. Aka busa jiniya, iska ta kwashe ƙarar ta yi kudu da ita, injin kuwa yana arewa.

Ƙirgar tayar da wuta ta sauko zuwa shida lokacin da Lorena ta miƙa hannu za ta ɗauki kofinta, idonta ya sauka a kujerar Wendell. Babu kowa a kai.

Mutane sukan ce da su ne da tuni sun yi ihu. Ƙarya suke. Tana nan zaune, tana jin biyar, tana jin huɗu, tana duban hoton kyamara da ke nuna gefen yamma kaɗai, alhali gabas rana ta gasa, can Wendell yake aunawa.

"A tsaya," ta ce, sannan da ƙarfi, "yana can."

Thorsen ya doki jan maɓalli, amma wuta ta riga shi. Daƙiƙa ɗaya da rabi ta yi, ƙasa ta girgiza, sannan shiru.

"Wa ke can?"

"Wendell."

Ya dubi allo, ya dube ta. Bai zage ta ba, wallahi da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ɗauki rediyo ya kira sunan tsohon sau huɗu, ba amsa. Lorena ta nufi ƙofa, ya tare ta da ƙirjinsa.

"Tankuna a cike suke. Ba mai fita sai sun huce."

"Oga, don Allah."

"Minti ashirin. Mutum ɗaya ya ishe ni yau."

Ta tsaya jikin ƙofar. Tsoro take ji, tsoro zalla, har tana fata minti ashirin ɗin kada su cika, don muddin ƙofar na rufe ba a ce ya mutu ba. A hoto tsinin na tsaye lafiya lau, karo na farko bai narke ba.

Da aka buɗe, ita ta fara isa. Ta same shi bayan katangar siminti ta gabas, a zaune, ƙafafu a miƙe, rabin gemunsa ya babbake, jini na bin wuyansa daga kunnuwa biyu. Yana numfashi. Ta zube gabansa ta kama hannunsa.

"Ni ce, tsoho. Na saka mabuɗin na manta da kai. Ka yafe min. Ni ce na yi."

Wendell ya zuba wa bakinta ido. Ya juya ya dubi Thorsen, wanda ke tsaye yana kiran motar asibiti, ya dawo kanta.

"Wai me ya same ku ne," ya ce, da murya sama kamar mai kiran wani a nesa, "kowa sai motsa baki yake ba ya magana?"