Karen Mota

Da tsakar rana, idan tasha ta yi tsit, Dogo yakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwanta, yana kallon cikinta kamar rufin ɗakinsa. A bakin ƙofar motar nan furfura ta same shi, yana kiran fasinja yana ɗora kaya, amma sunan aikin bai girma tare da shi ba. Har yau karen mota ne.

Ranar nan gwiwarsa ta hagu sai zugi take yi. Mai motar kuwa ya riga ya faɗa wa direba, a kan idon Dogo, cewa duk ranar da ƙafar ta kasa kamo mota, a nemo wani.

Wani ɗan ga-ruwa ya jingine kurarsa, ya tsuguna a inuwa yana fifita da hula.

"Ni dai bakina ya jawo mini," in ji shi. "Ga ruwa, ga ruwa, har na manta sunan da aka raɗa mini. Kai fa, Dogo? Wa ka taɓa ciza?"

Dogo ya yi murmushi, idonsa a lumshe. "Maigidana na farko cewa ya yi saboda kwanan gadin da muke yi a ƙarƙashin mota ne. Wani ya ce haushin da muke yi wa fasinja. Duk shaci-faɗi. Gudun ne. Ka bugi jikinta, ta tashi ta bar ka, ka bi ta. Akwai wani ɗan lokaci da ƙafarka ta bar ƙasa, ba ta kuma taka ƙarfe ba tukuna. Wallahi saboda shi ban taɓa jin zafin sunan ba."

"Allah ya ba ka lafiya, kai da iskarka."

Barci ya ɗan sace shi. Ya ga titi ya miƙe fari fat ba kowa, motar na tafiya a hankali ba ƙara, shi kuma yana biye da ƙafafunsa na samartaka, ba ya kamo ta, ba ya kuma gajiya. Daɗin abin har cikin ƙashinsa.

Hon ɗin direba ya tashe shi. Ya karkaɗe riga, ya cika mota, ya ɗaure buhun wata mata a sama. Sannan ya daki jikin ƙarfen da tafin hannu, ta ja.

Ya bi ta. Taku kaɗan gwiwar ta ce ba da ita ba. Yatsunsa suka shafi ƙarfen ƙofa, ƙarfen ya zame, ya tsaya a tsakiyar titi yana haki, hannunsa a miƙe.

Can gaba jar fitilar birkinta ta kama. Motar ta tsaya, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Gara ma ta wuce, da ya fi masa sauƙi. Ya ɗingisa har ya iso, direba bai yarda sun haɗa ido ba.

Matar mai buhu ta tattara zanenta ta matsa.

"Ku ba shi wuri mana," ta ce. "Sannu, Baba. Shigo a hankali."

Dogo ya dubi bayansa ya ga ko akwai wani dattijo. Babu kowa. Ya shiga ya zauna a jikin taga, wani fasinja ya miƙa hannu ya ja ƙofar ya rufe.