Ladanin Motata

Karo na huɗu ke nan ina murɗa mukulli, motar tana gurnani kamar za ta kama, sai ta fasa. Gumi ya jiƙa mini bayan riga. Yanzun nan na dawo da ita daga gareji da ƙafarta, na kashe a ƙofar gida na shiga na sha ruwa, na fito ta ce ba ta san zancen ba.

"Akawu! Bar ta haka, za ka kashe batir."

Baba Isyaku ne daga zaurensa, katanga ɗaya tsakaninmu. Shi kaɗai yake kirana Akawu, don ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kowa Halliru yake cewa. Shekara talatin ya yi yana kanikanci a bakin tashar Wudil kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Sati biyu kafin nan likitocin Kano suka ce a dawo da shi gida, kuma duk unguwa an san abin da wannan magana take nufi.

Na same shi jingine da filo uku, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, kamar yadda kowa ke cewa.

"Me da me suka canja maka?"

"Filogi, Baba. Da famfon mai. Jiya kuma sun ce wai burenbos ne, ƙwaƙwalwar motar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gobe sai su ce taya ce. Da safe tana tashi?"

"Bugu ɗaya."

"In ta yi zafi fa?"

"Sai ta huce don kanta."

"Koma ka murɗa. Kada ka saurari inji, allurar nan ta gefen hagu za ka duba, mai nuna juyawarsa. Ka gaya mini ko ta motsa."

Ni dai na tafi ne don kunya. Motata Fijo 406 ce 'yar Kwatano, na saye ta a shekarar da rediyo ke ta cewa gangar mai ta haura dala ɗari, kowane ma'aikaci yana ganin shi ma ya isa hawa mota. Baba kuwa mutumin tsohuwar Fijo 504 ne, a raina na ce ina ruwan biri da gada. Na murɗa. Inji ya yi ta juyawa, allura tana kwance a kan sifiri, ko gezau.

"Ba ta motsa ba," na ce masa.

"To ladan ne."

"Wane ladan?"

"Akwai wani ɗan abu kamar yatsa, a inda inji ya haɗu da giya. Yaran yanzu sansa suke ce masa. Aikinsa ya riƙa duban juyawar kiranshaf, sandar nan da ke juyawa a cikin inji, ya gaya wa mota lokaci ya yi, a saki mai, a ba da wuta. Mai yana nan, wuta tana nan, sahu ya cika, amma in ladan bai kira ba wa zai tashi?" Ya numfasa. "Naka ya tsufa. In ya ɗau zafi sai ya yi shiru. Na san halinsu, gidanmu akwai ɗaya."

Ban yi dariya ba, don na san wanda yake nufi. Yayansa Labaran shi ne ladanin wani masallaci a garinsu Indabo. Zamanin kuɗin Udoji, da motoci suka cika titi, Isyaku ya ajiye fartanya ya tafi Kaduna koyon gyara. Mahaifinsu, da suke kira Baffa, ya rasu yana can, saƙo bai same shi da wuri ba, sai ranar sadakar bakwai ya iso. A gaban mutane Labaran ya ce masa ya koma wajen ƙarfensa, ai shi ne ubansa. Ya koma ɗin. Tun daga ranar ba su sake haɗa ido ba, ga shi Indabo ba wani nisa ba ne.

Na ce zan aika Kano a sayo sabon sansa, ranar Asabar zai iso.

"Asabar ta yi mini nisa, Akawu. Gobe in an sauko Juma'a nake so ka kai ni Indabo."

'Yarsa Murja, wadda ta baro ɗakinta ta zo jinya, tana shigowa da kofin kunu. Ta tsaya cak.

"Baba, a wannan motar? In ta tsaya da ku a daji fa? Bari a ɗauko shata daga tasha."

"Tashar da na yi shekara talatin ina tsaye da ƙafata, a ɗauko ni ranga-ranga direbobi suna kallo? A'a, uwata. Wannan dai na san ciwonta." Ya dube ni. "Ina da magana da Yaya. In ban faɗe ta gobe ba, ban san ranar da zan faɗa ba."

Gaskiya tsoro ya kama ni. Duk da haka na ce to.

Washegari muka kwantar da kujerar gaba muka sa shi, Murja a baya tana riƙe da kafaɗarsa. Har na tayar ya ce a koma a ɗauko masa butarsa, a cika ta da ruwan randa. Ranar kasuwa ce, sai da muka yi ta rarrafe a bayan motocin shanu kafin mu fita gari, ga ranar bazara tana dukan bonet. Idona ba ya kan hanya sosai, yana kan allura.

Mun bar kwalta da kamar minti goma, tsakiyar gonakin da aka share ana jiran ruwa, allurar ta faɗi lokaci ɗaya kamar an tsinke mata zare. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya. Na murɗa, na sake murɗawa. Murja ta fara salati. Babu inuwa, babu gida kusa, numfashin Baba kuma ya fara fita da ƙara. Na sani in ta ga dama sai ta yi awa guda kafin ta huce. Haushi ya sa na daki sitiyari.

"Kada ka yi masa faɗa," in ji Baba, idonsa a rufe. "Faɗa ba ya sa shi magana. Buɗe bonet. Ka bi wayar da ta gangara bayan inji, wajen giya. Ka ga wani baƙin abu da ƙusa ɗaya?"

Na leƙa, zafi ya bugi fuskata. "Na gani."

"Ɗauki buta. Kaɗan-kaɗan, a jikinsa kawai, ban da soket. Kada ka ƙarar, ina da aiki da sauran."

Na tsiyaya. Ruwan ya yi cuwa, tururi ya tashi. Muka jira kamar tsawon fatiha uku. Da na murɗa, allurar ta ɗan yi tsalle, inji ya kama. Murja ta fashe da kuka da dariya a haɗe, Baba kuwa cewa ya yi in daina kallonsa in ja mota.

Mun shiga garin ana shirin la'asar. Baba ya nuna mini wani ɗan masallacin ƙasa kusa da bishiyar darbejiya. Wani dogon tsoho yana zaune a dakali yana naɗe hannun riga. Ko ba a faɗa ba, hancinsu ɗaya.

Na yi sallama na buɗe ƙofar gaba. Tsohon ya amsa, ya taso ya leƙa. Ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya dubi ƙafafun. Mutane biyu da suka zo salla suka tsaya daga nesa. Har na fara tunanin yadda zan juya da mutumin nan Wudil da maganarsa a ciki. Na ji haushin Labaran a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Baba ya laluba ƙarƙashin kujera ya ɗago butar.

"Yaya, ga ruwan alwala."

Labaran ya karɓa. Ya jijjiga ta, ya ji saura rabi.

"Ni ina da nawa," ya ce. Sai ya tattare riga ya tsuguna a ƙasa a bakin ƙofar motar. "Kai ne ba ka iya sunkuyawa. Miƙo hannu."

Ya zuba masa ya wanke hannu da fuska. Da aka zo ƙafa, shi ya ɗora su a kan gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya, yana cuɗa tsakanin yatsu a hankali.

"Ka yafe mini, Yaya. Ban zo na ga Baffa ba."

"Har ya cika yana cewa a bar ka ka koyi sana'a. Ni ne ban gaya maka ba." Labaran ya mayar da butar ƙarƙashin kujera. "Ni za ka yafe wa, Isyaku."

Ya miƙe ya shiga ya kira salla. An ce ranar ya makara da kusan minti goma, ba wanda ya tanka masa.

Baba bai biyo ni ba. Ya ce a shimfiɗa masa a ɗakin mahaifinsu, Murja ta zauna tare da shi. Ranar Asabar sabon sansa ya iso, aka ɗaura cikin minti kaɗan. Lahadi da hantsi Murja ta bugo mini waya, ta ce Baba ya cika bayan an idar da asuba, kansa a cinyar yayansa.

Na zauna a motar na yi kukana ya ishe ni, sannan na ɗauki dattawan unguwa huɗu muka kama hanyar jana'iza. Rana ta yi zafi kamar ta Juma'a, muka wuce inda ta tsaya da mu, allura tana tsaye a wurinta. Da muka faɗa wani rami sai na ji wani abu ya gangaro ya bugi ƙafar wanda ke gaba. Ya sunkuya ya ɗago butar Baba.

"Wannan ta waye?"

"Bar ta a nan," na ce.

Ya mayar da ita ƙarƙashin kujera. Har muka isa Indabo ina jin ɗan ruwan da ya rage yana motsi a cikinta.